Benen da Ya Ƙi Motsi

Laraba da dare, Ardwick

Na shiga uku. Benen katakon da na gina wa makarantar su 'yata Hauwa'u don wasan waƙe-waƙensu ya ƙi motsi.

Ni na kai kaina. Malamarsu ta nemi iyayen da za su taimaka, na yi caraf na ce ai ni injiniya ne. Duk ƙarshen mako in na sauka Birmingham inda suke zaune sai in zuba masa katako mai kauri da ƙarfe, yadda ko giwa ta hau ba zai girgiza ba. Ashe yara ne za su tura shi gefe in an kashe fitila. Yau wajen gwaji suka taru a kansa, ko gezau bai yi ba.

Ɗazu Hauwa'u ta kira ni tana kuka. "Abba, ba gida aka ce ka gina ba, abin da zai yi kama da gida kawai."

Jibi ne wasan. Gobe ina wurin aikin gini har magariba, sannan in kama hanyar Birmingham da zarto. Amma duk katakon da na yi niyyar cirewa, sai in tuna a saman benen nan 'yata za ta tsaya ta yi waƙa. Ya Allah, wanne zan cire?