Ruwan Saman Mijina Daga Butar Shayi Yake Zuba

Anti Noreen, ki taimake ni, na haƙa rami da hannuna na faɗa.

Muna noman alkama da sha'ir a bakin teku, gabas da garin Esperance. Mijina Desmond yana da kwalbar auna ruwan sama a jikin shinge, kullum da safe sai ya duba ya rubuta a littafin da kakansa ya fara. Shekara tara ke nan ruwa na ja da baya. In ya tarar da kwalbar a bushe, ranar ko karenmu ba ya ganin fara'arsa.

Wata safiya aka yi yayyafi, sai na ɗauki butar shayi na ɗan ƙara masa ruwa milimita uku a kwalbar. Ranar har waƙa ya yi! Daga nan abin ya zame mini jiki. Amma ba na ƙarawa sai an yi yayyafi, ni ma ina da tsoron Allah.

Yanzu littafinsa ya nuna duk yankin nan gonarmu kaɗai ce ruwa bai ragu ba. Maƙwabta sun koma iri mai jure fari, shi ya ƙi. Ranar Alhamis zai miƙe a taron manoma ya ƙaryata wata masaniyar yanayi da littafin, sannan ya shuka tsohon iri a gonar kaf. Ina son mutumin nan, kuma wallahi tsoro nake ji. Rannan ma ya ga ganyen shayi a kwalbar, ya ce iskar teku ce ta kawo.

Mai Buta

'Yar'uwa Mai Buta,

Na yi dariya, sannan na tausaya miki. Ƙauna ce ta sa ki, ban musa ba, amma alkama ba ta karanta littafi.

Shi ma ba zan wanke shi ba. Manomin da ke taka ƙasarsa kullum ya san ta bushe, kuma ya san iskar teku ba ta dafa shayi. Ina zargin kin daɗe kina ƙarya, shi kuma ya daɗe yana taya ki.

Ki faɗa masa kafin Alhamis, ku biyu kaɗai, bayan ya ƙoshi. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. Ku nemi littafin maƙwabci ku gyara naku, ku sayi irin da ya dace. Taron kuwa ku je tare, ya saurari matar nan a zaune.

Allah ya ba ku ruwa daga sama, buta ta koma kan murhu.

Anti Noreen