Abin da Ya Hana Ni Zuwa Wankanki, Inna

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifiya, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki.

Har yau in na shiga garinmu Kausani, mata na nuna ni da baki: ga wadda ta ƙi zuwa wankan gawar uwarta. Na gaji da haɗiye maganar. Yau zan faɗe ta, duk mai karantawa ya karanta.

Ke kaɗai kika san ni da maigidana mun fara zuwa asibitin haihuwa a Kano, bayan shekara goma sha ɗaya ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Ke kika ce in yi shiru. Kin ce abin da ake ɗorawa a wuta ba a yawan buɗe shi.

Sai ga korona, aka kulle gari. Asibitin ya daina karɓar sababbin mata, mu da muka riga muka fara allura kaɗai aka bari. Sai mun nuna takarda a gadar Wudil kafin a bar mu mu wuce. A bakin ƙofa a auna zafin jiki, a wanke hannu, a sa takunkumi, a shiga ɗaya bayan ɗaya. Likitar ba ta rufe mu ba: ba shiga taro, ba biki, ba gaisuwar mutuwa. In gwaji ya nuna cutar a jikin ɗayanmu, ko zazzaɓi ya kama ni, za a fasa ciro ƙwan haihuwata da za a haɗa a dasa mini, wahalar ta tashi a banza. Kuma ba ni kaɗai zan cutar ba, akwai sauran matan da ma'aikatan.

Saura kwana biyu a ciro, da hantsi, Yaya Sale ya bugo waya ya ce kin cika.

Wallahi na yafa mayafi. Na kai har zauren gidanmu na Sabon Garin Wudil, ƙafata ɗaya a waje. Na san gidanki na Kausani ya cika maƙil, na san yadda za a rungume ni ana kuka a wuyana. Wa zan ce wa ya matsa? Gwaggo Asabe, ƙanwarki? Na tsaya, cikina duk tabon allura. Sai na koma ɗaki na zauna.

Gwaggo ta kira sau bakwai, ta ce ni ake jira. Na ce ba ni da lafiya. Ta ce ko a kan gado nake a ɗauko ni. Ban iya faɗa mata gaskiya ba. Wasu suka wanke ki, Inna, ina nan kusa, tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba.

Gwajin ya fito lafiya. Aka ciro, aka haɗa, aka dasa. Na yi mako biyu ina tafiya kamar mai ɗauke da tulu a ka.

Bai kama ba, Inna.

Na san likitar gaskiya ta faɗa, ba na jin haushinta. Amma ban riƙe ɗa ba, ban kuma riƙe hannunki ba, wannan shi ke cin raina. Ban san me za ki ce da ni ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Ki yafe mini. Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu inda ba mai hana ni taɓa ki.

'Yarki ta fari,
Hajara