Magudanar da Bature Ya Bar Mana

Kawu, salamu alaikum. Ya jiki, ya Inna, ya yara? Mu nan Guangzhou, a ƙasar Sin, lafiya lau.

Jiya a kasuwar Liwan wata Baturiya ta gaishe ni da Hausa. Da muka taɓa hira, ashe 'yar injiniyan nan ce na ƙasar Suwizalan, wanda kuke ce wa mahaukaci don yana shiga ruwan sama ba lema, yana duba inda ruwa ke bi. Ya rasu bara. Ta tambayi magudanar da ya gina mana. Na ce tun daga lokacin ambaliya ba ta ƙara cin gidanmu ba. Ta yi hawaye, na yi mata godiya.

A sa ni a addu'a, a gaida kowa. Kuma don Allah a kwashe sharar magudanar kafin damina, kada in zama maƙaryaci.

Ɗanka, Habu