Laifin Jinkar Baba Shi Ne Ba Ta Yoyo

Tete Marwei, don Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Saura kwana goma sha biyu mu shiga Idin Bukkoki, bukkar da ke tsakar gidana kuwa ta zame min abin alfahari da ciwon kai lokaci guda.

Bari in fara da mahaifina, don a kansa maganar take. Duk Masvingo da kewaye, in ana zancen baibaya, sunan Baba Gwenzi ake fara kira. Shekara arba'in yana hawa jinka, ba a taɓa samun wanda ya dawo ya ce ɗakinsa ya ɗiga ba. Ina faɗa da babbar murya, don 'yarsa ce ni kuma gaskiya ce. Shekara shida ke nan da ni da mijina muka bar cocin da Baba yake dattijo a ciki, muka shiga jama'ar masu bin Yeshuwa Almasihu, masu kiyaye Asabar da idodin Attaura. Tun ranar bai ƙara cin abincin gidana ba. In mun haɗu a kasuwa sai ya ce wai ya mutanen Isra'ila, yaushe jirginmu zai tashi. Nakan yi dariya, amma abin yana ci na a rai.

Bana aka ce a gidanmu za a kafa bukkar jama'a. Mijina malamin makaranta ne, Tete, alli kawai ya iya riƙewa. Ya kakkafa sanduna huɗu, kowacce na kallon gabanta. Baba ya zo wucewa a keke, ya tsaya, ya ja tsaki, ya ce ko kaza mai hankali ba za ta yi ƙwai a cikin wannan abu ba. Na ce masa ta idi ce, kwana bakwai za mu zauna a ciki. Sai ya cire kwat ya rataye. Kwana uku yana zuwa da shucinsa da igiyarsa. Rana ta biyu har ya karɓi kofin mahewu, kunun masara, daga hannuna ya shanye, na shige ɗaki na yi kukana. Da ya gama, Tete, sai kin gani! Mutane har tsayawa suke a bakin titi suna ɗaukar hoto.

Shekaranjiya, bayan mun busa ƙahon buɗe watan idodi, shugaban jama'armu Baba Marufu ya shiga ciki, ya ɗaga kai, ya ce a gaban kowa wannan kyakkyawan ɗaki ne amma ba bukka ba ce. Wai dole rufin ya zama ana hango taurari ta cikinsa, ruwa ma ya iya shiga, don a tuna shekara arba'in da Isra'ilawa suka yi a jeji da ba wani rufi sai Allah, a kuma tuna Yeshuwa da ya zauna a cikinmu da jiki mai rauni kamar tanti. Ya ce ko a zare rabin ciyawar, ko a kai idin wani gida. Mijina kuma wai mu sa sanda mu huda a ɓoye. Baba daga kan kekensa zai gane an taɓa masa aiki!

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, na san dokar tun farko. Ina kallonsa yana matse ciyawa, na kama bakina, don ina tsoron in na yi magana zai ɗauki kwat ɗinsa ya tafi. Yanzu in na huda na rasa Baba karo na biyu, in na bari na ɓata idin Ubangiji. Ya zan yi?

'Yar Mai Baibaya, Masvingo

'Yata, da farko ina taya ki murna da uba irin wannan. Mutumin da zai yi kwana uku a saman jinka cikin wannan zafin, don idin da bai yarda da shi ba, ya gama faɗa miki abin da bakinsa ya kasa.

Baba Marufu bai yi kuskure a doka ba. Na tuntuɓi masu kiyaye idin nan, sun ce da gangan ake barin rufin da rauni, don mai zama a ciki ya san ba ciyawa ce ke tsare shi ba. Inda ya yi kuskure shi ne faɗa a bainar jama'a, alhali yana iya jan ki gefe. Amma kada ki ɓata lokaci a kansa. Shawarar mijinki kuwa, ki ce masa Tete ta ce ya ajiye sandar nan.

Ke ma da naki laifin, kin kuma san shi. Duba yadda idodin naku suka jeru: ƙaho ya farkar da mutum, Ranar Kafara ya yi azumi ya nemi gafara, sannan a shiga bukka a yi murna. Ba a tsallake ta tsakiya. Kafin ranar azumin ki wanke ƙafa ki je gidan mahaifinki ke kaɗai, ki durƙusa, ki ce kin san dokar kika yi shiru, ki faɗa masa dalili kamar yadda kika faɗa min. Shi ne ya fi cancanta da jin wannan magana, ba ni ba.

Sannan kada ki ce a ɓata aikinsa. Ki ce kina neman jinkar da za a ga sama ta cikinta, ta kuma tsaya wa iska kwana bakwai, kuma ba ki san wani a garin nan da zai iya ba sai shi. Wannan ba daɗin baki ba ne, aiki ne mai wuya, gwani kuwa yana son a kawo masa mai wuya.

Yana iya ƙi, ki shirya wa hakan. In ya ƙi, ki bar jinkarsa yadda take, ku kafa ƙaramar bukka ta rassa a gefenta, idi ya yi. Ko ya buɗe ko bai buɗe ba, ki tuƙa sadza, tuwon masara, a ranar farko, ki ajiye masa kujera, ki je da kanki ki kira shi. Allah ya ba ki bakin magana, ya sa ki zuba masa ruwan wanke hannu a bana.

Tete Marwei