Kada a taɓa mitar motar Baba

Yaya Manniru,

Na fita da wuri, ban so in tashe ka ba. Motar Baba ta sake mutuwa jiya a hawan Mpape ina dawowa daga ofis. Zafi ta yi, na tsaya na ba ta ruwa, daga nan ta ƙi tashi sai da 'yan okada suka tura ni. Makon jiya fa aka yi mata juye aka canja fulogi. Na gaji, Yaya. Na yarda a sayar da ita yadda ka ce.

Amma da na biya gareji, Oga Sule ya ce kun yi magana, yau zai zo ya mayar da mitarta baya, wai ba mai sayen motar da ta haura kilomita dubu ɗari uku. Don Allah in ya zo kada ka ba shi makulli. Mai saye ya ga tafiyar da ta sha da idonsa, shi ma iyalinsa zai zuba a ciki.

Kuma tafiyar nan ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Yawancinta muna kujerar baya ya yi ta, kai da ni, zuwa makaranta da asibiti da gida duk Sallah. Ba zan iya gani a goge masa ita ba.

Har na saka makullin a jaka zan tafi da shi, sai na ji kunyarka. Yana kan firij.

Ƙanwarka,
Najwa