Ɗakin Sanyin Da Ba Ya Karɓar Nama

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Wutar Lantarki na unguwarmu, Borokiri, Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya tare da iyali.

Ranka ya daɗe, kowa ya san taransfomarmu ba ta iya ɗaukar unguwa gaba ɗaya. Shi ya sa muka raba gidaje layi uku, ana kashe layi ɗaya kowace rana, bi da bi. Shekaru muna haka ba wanda ya koka. Amma tun bayan Babbar Sallah, ko ranar da muke da wuta, ƙwan lantarki ja yake yi kamar garwashi, firiji kuma sai gurnani ba sanyi. Maiɗakina Hajiya Rabi tana da ciwon suga, allurarta kuwa sai a sanyi take zama. Kwalba biyu sun lalace. Ta ukun tana cikin kular maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara.

Ga abubuwa uku da nake so ka duba. Na ɗaya. Shagon bayan masallaci da aka toshe tagoginsa, kai da bakinka ka ce mana ɗakin sanyi ne. Na yi shekara talatin ina fawa a kwatar Trans-Amadi. Ban taɓa ganin ɗakin sanyin da nama bai shiga ba, kifi bai fita ba, ko ƙuda bai leƙa shi ba.

Na biyu. Na zauna da Nura, matashin da ya kama shagon, ɗan marigayi abokina. Bai ɓoye mini ba: injuna ne na haƙar kuɗin kirifto, kuɗin da ke cikin kwamfuta. Ya ce tsere suke yi da masu irin injunan a ƙasashen duniya, wanda nasa suka tsaya ko na awa ɗaya an wuce shi, kuma abin da inji biyar ke samowa bara, bana sai goma. Na tausaya masa. Amma idan haka ne, gobe ma ƙarawa zai yi, kuma daga taransfomar nan tamu za su sha wuta.

Na uku, wanda ya fi damuna. Na lura kwana tara a jere, fankokin shagon nan ba su tsaya ba, ko wane layi aka kashe, kuma ba a jin ƙarar janareta. Ke nan an ja masa waya daga layi ukun duka. Makullin akwatin fis, inda ake raba wutar layukan, kuwa guda ɗaya ne, yana hannun kwamiti. Ban zargi kowa da suna ba. Tambaya nake yi: wa ya buɗe?

An ba ni shawarar in kai ƙara kamfanin wuta. Na ƙi, domin na san idan suka zo ba Nura kaɗai za su yanke wa wuta ba.

Saboda haka ina roƙo, ranar Juma'a bayan sallah a buɗe akwatin a gaban jama'a, a mayar da shagon kan layi ɗaya kamar gidan kowa. Ranar da ba shi da wuta ya nemi janareta. Ina kuma neman haɗin kan dattawa da matasa baki ɗaya, a zo a gani da ido, ba hayaniya, ba cin mutuncin yaron.

Allah ya taya ka riƙon amana, ya tsare maka iyalinka daga ciwon da maganinsa ke jiran wuta. Kwalbar Hajiya ta uku dai ita ce ta ƙarshe da ta rage mana.

Wassalam.

Alhaji Sule Dogo, tsohon mahauci, Borokiri.