Sa Hannun Baba

Ƙanina Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da aikin nan naka da ya hana mu ganinka shekara shida.

Baba ne ya ja mini rubutun nan. Ya ji a rediyo an buɗe kasuwar hannun jari a garin nan, har da masaƙar da ya yi wa aiki shekara talatin a ciki. Ran Litinin ya sa rigarsa ta fita, ya ɗauki jaka, wai zai sayo rabonsa. Jaka fa, Auta, sai ka ce mai zuwa sayen albasa. Mai gadi ya tare shi, ya ce ba a shiga a yi ciniki, sai ta hannun dillali mai lasisi, ya ba shi takardar sunayensu. Baba ya dawo ya tura ta ƙarƙashin rediyo, ya ce baƙo ba zai riƙe masa kuɗi ba alhali ya haifi dillali.

Bai taɓa ambatonka ba tun ranar da ka ƙi aikin masaƙa ya ce ka tafi kar ka dawo, sai yanzu. Ni dai ina kewarka, ba zan ɓoye ba.

Ka huta lafiya,
Yayarka.

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ga takardar buɗe asusu. Ya cike, ya sa hannu, ki haɗa da hoton katin shaidarsa ki aiko. In an buɗe, ya faɗi nawa yake so, mu saya masa. Ki fahimtar da shi farashi na hawa yana sauka, kuma hannun jari ba izinin shiga masaƙa a yi wa ma'aikata faɗa ba ne.

Ba sai na zo ba. Ko da bakinsa ya ce in zo?

Ƙaninki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ofis ya dawo da takardar karo na biyu, sa hannun bai yi daidai da na kati ba. Don Allah ki daina sa masa. Na san sa hannun Baba, shi ne a kan duk takarduna na makaranta, da wutsiyar nan tasa mai lanƙwasa. Wannan jagwalgwalon ba nasa ba ne. In ba ya son hulɗa da ni, a faɗa mini kawai.

Ƙaninki.

Auta,

Na amsa gaisuwarka, amma ka ɓata mini rai. Wallahi ban taɓa alƙalamin ba. Hannunsa ne. Shekara biyu ke nan yana rawa, ko shayi sai na riƙe masa kofi. Shi ya hana in gaya maka.

Kwana uku ya yi a bakin taga yana gwadawa a bayan tsohuwar kalanda kafin ya yarda ya sa a takardarka. Da aka dawo da ita bai yi faɗa ba, Baban da ka sani. Cewa ya yi, "Yaron yana da gaskiya. Aikinsa yake yi da kyau."

Bai ce ka zo ba, kuma ba zai ce ba. Amma duk lokacin da ya ji mota ta tsaya sai ya rage rediyo.

Allah ya shirye ka,
Yayarka.

Yaya,

Ki gafarce ni.

Ƙa'idarmu, wanda hannunsa ba ya tsayawa sai ya dangwala yatsa a gaban dillali. Muna da reshe kusa da ku, suna iya turo mutum gobe. Ban gaya musu ba. Na karɓi tawada, zan shigo motar Asabar.

Ki tsaya mini a ƙofa, Yaya. Ban san yadda zan gaishe shi ba.

Ƙaninki,
Auta.